Takalmin Suruki

A zamanin Turawa, kamar shekara bakwai bayan an gama yaƙin Bama, mota ɗaya ce tak a Wurno wadda ba ta En'e ba. Ta Alhaji Atiku ce, wani falke mai safarar albasa da fatu. Tsohuwar motar soja ce da ya saya a gwanjo, mai buɗaɗɗen baya, sitiyarinta a hagu, ba kamar sauran motocin ƙasar ba. Mai tuƙa ta shi ne Abdulƙadiri, wanda kowa ke kira Ƙadiri Direba.

A soja Ƙadiri ya koyi tuƙi. Yana can ubansa ya rasu, kafin ya dawo 'yan uwa sun raba 'yar gonar da aka bari, rabonsa bai kai shimfiɗar zane ba. Saboda haka abin da ya mallaka a duniya shi ne lasisinsa, wata 'yar takarda mai hotonsa da yake ajiyewa cikin gwangwanin taba a aljihun ƙirji. Ita ce gonarsa, ita ce garkensa. Da ita ma ya sami aure. Lokacin da ya nemi Safara'u, 'yar Malam Yusha'u na Magarya, dangi sun yi ta cewa tsohon soja ne, kuma direba ba ya zama gida. Malam Yusha'u ya saurare su har suka gama, sannan ya ce mutumin da ke da sana'a a hannu ba a kiransa ɗan iska. Ya ba shi.

Shi Malam Yusha'u manomin albasa ne, ba shi da sarauta ko ta unguwa. Amma daga Magarya har Kwargaba, in iyakar gona ta rikice tsakanin mutum biyu, shi ake kira. Ya zo, ya zaga, inda ya kafa sandarsa nan iyaka take, ba mai ƙara magana. Ya haura saba'in bai taɓa shiga mota ba, bai kuma ga dalilin shiga ba.

Sai ga saƙo daga Goronyo cewa ƙanwarsa Laraba tana kwance, jiki ya yi tsanani. Safara'u ta tari mijinta da maganar yana karin kumallo.

"Gobe ba kasuwar Goronyo za ka ba? Baba na son ganin Gwaggo Laraba, kuma bayanai ba shi ɗaukar jaki yanzu."

"Kina ganin shi yarda shi shiga mota?"

"Na aika mai. Yac ce in Allah ya so."

Ƙadiri ya ji daɗi har bai ƙarasa kununsa ba. Shekara huɗu da aure bai taɓa samun abin da zai yi wa surukinsa wanda wani ba zai iya yi ba. Washegari ya wanke gaban motar tas. Inda ake aza ƙafa ƙarfe ne tsirara, mai zafi, baƙin mai ya kama shi. Ya duba ya ga wannan ba wurin ƙafar dattijo ba ne. Ya koma ɗaki ya ɗauko dardumarsa, wadda ya sayo a Indiya kan hanyar dawowa daga yaƙi, ja ce, ba ya fito da ita sai ranar Idi. Ya shimfiɗa ta a gefen fasinja.

Aka loda buhunan albasa, mutum goma sha biyu suka hau bisa kaya, aka biya ta Magarya. Malam Yusha'u na tsaye a bakin hanya da sandarsa. Ƙadiri ya sauko ya durƙusa.

"Baba, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau, Malam Direba. Mun sa ka ratse."

"Babu ratse, Baba."

Ya buɗe masa ƙofa. Tsohon ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya ga darduma. Ya tsaya.

"Subhanallahi. Wagga a taka ta da takalmi?"

"Don kai anka shimhiɗa ta, Baba. Taka kawai."

Bai taka ba. Mutumin da bai taɓa hawa tabarmar kowa da takalmi ba, ba yau zai fara da abin salla ba. Ya zare takalmansa, na fatar raƙumi ne masu kaurin tafi, ya kakkaɓe su a waje, ya shiga da bisimilla. Ya ajiye su daga hagunsa, bayan gefen darduma, kan ƙarfe, kusa da ƙafar direba.

Ƙadiri ya gani. A soja, in sajen ya sami ko ƙusa a sake a ƙasan mota, mari ne kafin tambaya. Ya buɗe baki, ya rufe. Ta yaya zai ce wa uban matarsa ɗauke takalminka? Ko kuwa shi ya kai hannu ya ɗauke takalmin suruki a gabansa, kamar yana nuna masa bai san inda ake ajiye abu ba? Ya ce a ransa tafiya ce 'yar kaɗan. Ya ja mota.

Hanyar jar ƙasa ce, duk gargada. Tsohon ya riƙe tasbaharsa yana kallon gonaki na gudu baya. Ƙadiri kuwa ya ɗan ƙara wuta fiye da yadda ya saba, don a ga abin da ake nufi da mota. Yana satar kallon surukinsa ta wutsiyar ido. Bai ƙara duba ƙasa ba.

Kafin a shiga Goronyo akwai gangare, daga ƙasansa hanya ta matse tsakanin lambuna. Ranar kasuwa ce, wurin cike da jakuna da mata masu ƙwarya a ka. Ƙadiri ya ɗauke ƙafa daga totur ya taka birki. Maimakon mota ta lafa, sai injin ya yi ruri, ta zabura gaba. Ya ƙara takawa da ƙarfi. Ta ƙara zabura, kamar doki da aka soka wa kaimi. Mutanen bisa kaya suka ɗauki salati.

Ya sunkuyar da ido, nan take ya ga abin. Gargada ta turo takalmi ɗaya, ya gicciye, kansa ƙarƙashin birki, dunduniyarsa bisa totur. Duk takun da ya yi wa birki, takalmin ne ke danna totur.

Ƙadiri ya san abin yi. An koya masa har ya haddace: taka kuloci, fid da giya, kashe makulli. Makullin yana gabansa, miƙa hannu kawai. Amma abin da ya zo masa shi ne ya zaro takalmin. Hannunsa ya yi ƙasa. Sai ya tarar tsohon, don tsoro, ya miƙe ƙafarsa ya tokare daidai nan. Ba zai kai ga takalmin ba sai ya kama ƙwaurin surukinsa ya ture shi gefe, kansa kuma a kan cinyar dattijon. Hannun ya tsaya a iska. Bai fi numfashi biyu ba, ko uku. Da ya ɗago kai, jama'a na gabansa.

Ya karkata sitiyari da dukan ƙarfinsa. Mota ta bar hanya, ta kwashe wani jaki mai kayan gero, ta ratsa shinge, ta tattake fangalin albasa biyar, ta je ta nutse cikin laka har rabin taya. A nan ne, bayan komai ya ƙare, ya kashe makulli.

Wuri ya yi tsit, sai kukan wata mace a baya. Idanun Malam Yusha'u a rufe, leɓɓansa na motsi. Ƙadiri ya sunkuya da sauri ya zaro takalmin, ya mayar da shi kusa da ɗan'uwansa.

Tsohon ya buɗe ido. "Kowa lahiya?"

Ba kowa ba. Jakin ya mutu. Wata mata mai suna Kyauta, mai sayar da daddawa, ta faɗo daga bisa kaya ta karye a hannu. Malam Yusha'u ya sa takalmansa, ya je ya tsaya a kanta har aka kawo maɗori, sannan ya ɗauki sandarsa ya ƙarasa gidan ƙanwarsa da ƙafa.

Ɗan doka ya zo ya karɓi lasisin Ƙadiri. Ya ce Baturen duba motoci zai zo daga Sakkwato nan da kwana shida, shi zai yanke ko a mayar masa ko a soke. Aka sa shanu da majiya ƙarfi suka jawo motar, aka kai ta ƙofar gidan Alhaji Atiku a Wurno, aka bar ta ƙarƙashin durumi.

Cikin kwana shidan nan babu abin da ba a faɗa ba. Wasu suka ce gangaren ba shi kaɗai yake ba, an sha ganin abubuwa a wurin. Wasu suka ce ai sojan Bama duk haka suke, wata rana kan ya motsa. Alhaji Atiku bai yi faɗa ba, ya dai ce in takarda ta tafi, sai ya nemo wani direba daga Gusau, don albasa ba ta jiran kowa.

Rana ta uku, da hantsi, Safara'u na sheƙar gero a tsakar gida, Ƙadiri ya gaya mata maganar takalmin. Ta ajiye faifai.

"Baba ya sani?"

"Idonai ruhe yake. Bai gani ba."

"To bari shi ƙare kwanakinai bai sani ba. Mutumin ga ko kazar maƙwabci bai taɓa takawa ba, a ce shi yak karya hannun mace?"

"In sunka soke takardar hwa? Mi za mu ci?"

"Lambun Baba bai ƙi ka ba."

"In koma ina ja wa surukina guga?"

"Wasu sun ja, ba su mutu ba." Ta ɗauki faifanta. "Ni dai roƙonka nikai. Ka bar ta cikinka."

Ya ce ya bari. Kuma a lokacin da ya faɗa, da gaske yake.

Baturen ya iso ranar da aka ce, da tafintansa. Dogo ne, ja, da gajeren wando. Rabin Wurno ya taru ƙarƙashin durumin, har da mutanen Rabah da suka zo fatauci suka tsaya kallo. An aika wa Malam Yusha'u ya zo, don shi ne ke zaune a gaba. Ya zo da farar rigarsa, aka ba shi wuri a tabarmar dattawa, amma da aka kira shi ya sa takalmi ya fito fili.

Tafinta ya tambaye shi abin da ya gani.

"Ni ban san kan mota ba," in ji shi. "Abin da nig gani, yaron ga ya yi iyakar ƙoƙarinai. Da bai kauce ba, da an yi jana'iza goma. Saura Allah ya sani."

Ƙadiri ya sunkuyar da kai.

Bature ya buɗe gaban mota ya duba, ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashinta, ya fito da mai a gwiwar hannu. Ya tayar da ita, ya tafi har bakin gari ya dawo, yana taka birki tana tsayawa cak. Ya sauko yana goge hannu, ya yi magana, tafinta ya juya.

"Yac ce mota ba ta da laihi. Birki lahiya, totur lahiya. In mota ba ta da laihi, to mutum na da shi. Yac ce direban da ba shi rarrabe birki da totur, ba a bar mai rayukan mutane."

Ɗan doka ya miƙa lasisin. Bature ya aza shi bisa gaban mota, ya zaro alƙalami, ya cire murfi. Daga cikin taro wani ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ai mun hwaɗi. Bama ta motsa."

Ƙadiri na kallon bakin alƙalamin. Ya ga kansa a lambun Magarya da guga, ya ga wani baƙo daga Gusau a kujerarsa. Sai ya ji bakinsa na magana.

"Takalmi na."

Tafinta ya juyo. "Mi kac ce?"

"Wani takalmi na yas shiga ƙarƙashin birki, yad danne totur."

"Takalminka?"

"A'a."

"To na wa?"

Ba a faɗin sunan suruki. Ƙadiri bai faɗa ba. Ya dai juya ido wajen da tsohon ke tsaye, taron duka ya bi idonsa.

Bature ya ce a kawo takalmin. Malam Yusha'u ya dubi Ƙadiri sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar mai son ya tabbata ya ji daidai. Ya dogara da sandarsa ya zare na hagu. Ɗan doka ya karɓa ya kai. Ƙadiri da kansa aka sa ya nuna yadda ya gicciye. Bature ya hau, ya tayar da mota, giya a sake, ya taka birki. Injin ya yi ruri har tsuntsayen durumi suka watse. Ya saki, ya sake takawa, ya sake yin ruri. Bature ya fashe da dariya, yana dukan sitiyari.

Da Bature ya yi dariya, sai aka samu hanya. Samari suka fara, sannan kowa. Wani ya ce ashe Malam ne ke tuƙi, Ƙadiri rakiya ya yi. Wani ya ce wannan takalmi a nema masa lasisi. Malam Yusha'u na tsaye a tsakiyar fili, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya a ƙasa mai zafi, bai ɗaga ta ba.

Bature ya share hawaye ya yi wata tambaya.

"Yac ce, don mi ba ka kashe makulli ba?"

"Babu lokaci, ranka shi daɗe."

Bature ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da murfin alƙalami, ya miƙa masa takardarsa. Ya ƙara wata magana, tafinta kuwa ya juya ta da ƙarfi yadda na baya za su ji.

"Yac ce daga yau kada ka ƙara sa baƙauye gaba. Su hau bisa albasa."

Aka jefo wa tsohon takalminsa. Ya sa, ya yi wa dattawa sallama ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, ya kama hanyar Magarya. Bai biya gidan 'yarsa ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo labarin ya kai Tursa, ya kai Goronyo, kowa na ƙara masa gishiri. Aka sa wa tsohon suna Malam Totur. Da rikicin iyaka ya tashi a Kwargaba, wani ya ce a kira Malam Yusha'u, ɗaya mai gonar ya ce a'a, kada ya zo ya danne masa rabin gona da takalmi. Aka yi dariya, aka kira wani.

Safara'u ba ta yi faɗa ba. Takan kawo abinci ta ajiye, ta ce ga shi, ta koma ɗaki. Ƙadiri na zuwa aiki yana dawowa. Gwangwanin taba na aljihunsa, amma ya daina taɓa shi.

Ranar wata Alhamis da ba lodi, ya tafi Magarya da ƙafa. Ya sami surukinsa a lambu shi kaɗai, yana ban ruwa da jigo. Ya tuɓe takalmi tun daga shinge, ya durƙusa a kan kunya. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar jikin Laraba, wadda ta sami sauƙi. Kafin Ƙadiri ya tattaro abin da ya zo da shi, tsohon ya riga shi.

"Dama ina son ganinka, Malam Direba. Ka gahwarta mini. Na kusa raba ka da abincinka, ban sani ba. Na tahi Goronyo na ba Kyauta haƙuri, na ba mai jakin haƙuri. Kai kaɗai kar rage."

Da mari aka yi wa Ƙadiri da ya fi masa sauƙi. Ya kafa ido a ruwan da ke bin fangali.

"Baba, ba kai ka da laihi ba."

"Takalmina na."

"Ni nis shimhiɗa darduma inda ba a shimhiɗa ta. Na ga inda ka aje takalmi, na san ba a barin komi nan, nik ƙyale. Na yi gudu wanda ban saba ba, don ka gani. Kuma da abin yaz zo, makulli na gabana. Da na murɗa shi, da ko shinge ba mu taɓa ba. Akwai lokaci, Baba. Ƙarya niy yi wa Bature."

Tsohon ya saki jigo a hankali, guga ya koma ruwa.

"Waccan maganar kah hwaɗe ta gaban Wurno da Rabah," in ji shi. "Wagga ka kawo ta inda ba mai ji sai ni da kwaɗi."

Ya kama igiyarsa ya ci gaba da ban ruwa. Ƙadiri ya jira, ya jira, har ya gane an sallame shi.

Washegari Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci mutane sukan taru a zauren Alhaji Atiku, attajirai da dillalai da masu zaman kashe rana. Ƙadiri ya shiga, ya gaida kowa, ya fito da gwangwanin taba da makullin mota ya ajiye a gaban Alhaji. Ya faɗi duka, daga darduma har makulli, bai rage ba. Ya ce a rubuta wa Bature, in soke takardar ne a soke.

Sai wani dillalin fatu, Zayyanu, ya girgiza kai.

"Kai, Allah shi ba mu suruki irin wanga! Ku ji yadda shika ɗaukar kayan tsoho shina aza wa kainai."

"Ba haka na ba. Gaskiya nika hwaɗi."

"Mun ji, mun ji. Amma da idonmu munka ga takalmin Malam na ba da wuta. Ko shi ma kai kad ɗunka shi?"

Aka yi dariya, ta jin daɗi, ba ta mugunta ba. Wani tsoho ya sa masa albarka. Alhaji Atiku ya tura masa gwangwanin da makullin da bayan hannu.

"Bature ya rubuta, ya tahi. Wa za ya bi shi Sakkwato shi ce mai ka yi kure? Ɗauki abinka. Jibi akwai lodi."

Ƙadiri ya sake buɗe baki, amma an riga an koma zancen farashin fata. Ya ɗauki kayansa ya fita.

A gida ya gaya wa Safara'u. Ta saurara har ƙarshe, tana tsinke zogale.

"Sun yarda?"

"Ba su yarda ba."

"To," in ji ta. Can kuma ta ce, "Ruwan wankanka na bayan ɗaki."

Ranar kasuwar Goronyo aka yi lodi kamar kullum. Sun wuce mararrabar Magarya da kaɗan Ƙadiri ya hango jaki a gaba, bisansa farar riga. Tsohon za shi duba ƙanwarsa, da bayan nan nasa da ba ya ɗaukar jaki. Da ya ji ƙugin mota sai ya karkatar da dabbar cikin gona ya ba da hanya, bai waiwayo ba.

Daga bisa kaya wani saurayi ya ɗaga murya. "Malam Totur! A zo a kama muna tuƙi!"

Ƙadiri ya tsayar da mota, ya kashe ta. Ya sauko, ya zagaya baya, ya dubi saurayin.

"Sauka."

"Wasa nikai, Direba."

"Sauka, ka ƙarasa da ƙahwa."

Saurayin ya sauko yana gunaguni. Ƙadiri ya juya wajen gonar da niyyar ya roƙi surukinsa ya shigo. Amma tsohon bai tsaya ba. Ya riga ya mayar da jakinsa kan hanya, yana tafiya a tsakiyarta, a hankali, bayansa a miƙe.

Hanyar ba ta da faɗin da mota za ta wuce jaki sai an yi masa hon. Ƙadiri ya koma kujerarsa ya zauna, hannuwansa bisa cinya. Rana na dukan albasa, fasinjoji suka fara kiran za a ci kasuwa ba su. Ya ce su yi haƙuri, injin ya yi zafi.